Mashigan tsaunukan Alps masu rufewa da hunturu

Mashigan tsaunukan Alps hanyoyin mota ne da ke hawa ta tsakanin kololuwar duwatsu a Faransa da Italiya da Siwizalan da Ostiriya. Mafi tsayin cikinsu ana rufe su tun daga wajen Oktoba ko Nuwamba saboda dusar ƙanƙara, ba a buɗe su sai a watan Mayu ko Yuni. Ranar buɗewa ba tsayayya ba ce, kowace shekara da tata.

Tarihi

Tun kafin zuwan mota mutane ke ƙetare waɗannan duwatsu da alfadarai. A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, Hanibal, sarkin yaƙin Kartaj ta Arewacin Afirka, ya ƙetara da rundunarsa da giwaye don ya auka wa Rum. Masana tarihi sun yi saɓani a kan mashigin da ya bi.

Mashigin Grand-Saint-Bernard, mai tsayin mita 2,469 tsakanin Siwizalan da Italiya, yana cikin mafi daɗewa. Rumawa sun bi shi. Wajen shekarar 1050 wani malamin coci mai suna Bernard ya kafa masauki a samansa don matafiyan da sanyi ya rutsa da su, kuma a nan aka yi kiwon manyan karnukan ceto da suka ɗauki sunan wurin. A watan Mayu na 1800 Napoliyon ya bi ta nan da sojoji kimanin 40,000, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba, har sai da aka kwance igwogi aka ja su a cikin fafaffen kututtukan itace. Wahalar da ya sha na cikin abin da ya sa ya ba da umarnin gina hanyar Simplon, wadda aka kammala wajen 1805, mai faɗin da keken doki zai iya bi.

Mashigin Gotthard na Siwizalan (mita 2,106) bai samu shiga ba sai da aka yi gada a kan kwazazzabon Schöllenen, ana jin wajen 1230 ne. Daga nan ya zama babbar hanyar fatauci tsakanin Milan da garuruwan Jamus.

Stelvio, mashigi mai mita 2,757 a arewacin Italiya, daular Ostiriya ce ta gina shi tsakanin 1820 da 1825, lokacin da yankin Lombardiya ke hannunta, ƙarƙashin injiniya Carlo Donegani. Ɓangarensa na arewa yana da kwana 48 masu tsananin lanƙwasa, kowace da lambarta a kan dutse. Ita kuwa hanyar Grossglockner ta Ostiriya ta zo daga baya, an buɗe ta a 1935, kuma tun farko don masu yawon buɗe ido aka yi ta. Biyan kuɗi ake yi kafin a hau.

Abin da ke jinkirta buɗewa

Kwashe ƙanƙarar kan ɗauki makonni. Motoci masu injin da ke niƙa ta su watsar gefe ne ke aikin, suna bin dogayen sandunan da aka kakkafa tun kaka don a gane inda titi yake. A wasu wurare akan bar bango na ƙanƙara mai tsayin mitoci hagu da dama. Amma ko an share titi, babbar barazana ita ce zaftarowar ƙanƙara daga gangaren sama, wadda ta fi yawa da rana ta yi zafi ta jiƙa ta. Shi ya sa akan buɗe hanya da safe a sake rufe ta da la'asar, ko a rufe ta kwana biyu bayan an yi sanarwar buɗewa. A ranar 24 ga Mayu 2013 an soke zangon tseren kekuna na Giro d'Italia da zai bi ta Gavia da Stelvio, saboda dusar da ta zuba.

Grossglockner yakan riga saura, a farkon Mayu. Gotthard da Stelvio sukan biyo baya wajen ƙarshen watan, Furka da Grimsel da Susten da Col de l'Iseran kuwa sau da yawa sai an shiga Yuni. Brenner (mita 1,370) ba ya rufewa.

Hanyoyin ƙarƙashin dutse

Ramin mota na Grand-Saint-Bernard an buɗe shi a 1964, na Gotthard mai kilomita 16.9 a 1980. A Furka, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar motoci daga Realp zuwa Oberwald. Ramukan suna rage tafiya, sai dai mai bin su ba ya ganin komai sai fitila da kankare.

Ga matafiyi daga Kano

A watan Mayu Kano na fama da zafin da ke kusantar digiri 40, ana jiran ruwan farko, don haka ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya tashi daga nan yakan ɗauka sanyin Turai ya wuce. A kwari ya wuce, a saman dutse kuwa da saura. Zafi na raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, kuma tudun birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Rigar sanyi mai kauri wajibi ce. Kamar yadda fataken Kano masu zuwa Gwanja saro goro ke jiran damina ta ɗauke kafin ayari ya tashi, mai son bin manyan mashigan gara ya sa tafiyarsa daga tsakiyar Yuni. In kuwa Mayu ce dole, sai ya tsara hanya biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta rami, ya duba sanarwar hukumar hanyoyi a safiyar tafiya, domin taswirar waya ba kullum take sanin an rufe ba. A gangara ana sa ƙaramin giya, don birki kaɗai yana zafi ya saki.

Bizar Shengen ɗaya ta isa ƙasashen huɗu. Manyan titunan Siwizalan suna buƙatar takardar kuɗin hanya ta shekara, ta faran 40 na Siwizalan, Ostiriya ma tana da tata.