Gusar da ƙananan ƙarce daga fentin yuretan na jita

Ƙarcen zagaye ƙananan zane ne da ke fitowa a saman fentin jita. Yatsa ba ya jin su, sai an haska tocila ko rana ta bugi jikin jitar a gan su sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Sun fi tona kansu a kan baƙin fenti da shuɗi mai duhu.

Yuretan fenti ne mai tauri wanda manyan kamfanonin jita irin su Fender suka koma wa, shi da foliyesta, daga ƙarshen shekarun 1960, bayan sun daɗe suna amfani da wani fenti mai suna naitiroselulos. Idan yuretan ya bushe ba ya sake narkewa, don haka ba a iya narka shi ya cike ƙarce. Hanya ɗaya ce: a rage saman fentin kaɗan har ya yi daidai da gindin ƙarcen. Kowace gogewa cin fenti take, kuma abin da aka ci ba ya dawowa.

A Maradi babban mai laifi ƙura ce, musamman ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, wanda ya fi kowane fenti tauri. Wanda ya share jita da busasshen tsumma ko bakin riga, samfefa ya goga mata bai sani ba.

Yadda ake aikin

Da farko a cire tsirkiyoyi, a kwance farantin roba na gaba, a rufe mayen ƙarfen da ke ɗaukar sauti da ramukan kusoshi da salatif na takarda. A share ƙura da ƙyallen maikurofaiba (ƙyalle mai laushi da ake goge mota da shi) mai ɗan danshi, sannan a bi da busasshe. Sai a ja farce a kan ƙarcen. Idan farcen bai maƙale ba, man gogewa kaɗai ya isa.

Ana farawa da mai mafi laushi, kamar Novus 2 ko Meguiar's ScratchX. Masu fentin mota sun san irinsu. A ɗiga kamar ƙwayar wake a kan ƙyalle mai tsabta, a goga wurin da bai wuce tafin hannu ba, da ɗan dannawa, har man ya fara washewa. A share, a duba da tocila daga gefe. Yuretan ba ya saurin miƙa wuya, sau uku ko huɗu a wuri ɗaya ba abin mamaki ba ne. A riƙa juya ƙyallen, domin tsakuwa ɗaya da ta maƙale a ciki tana mayar da aiki baya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, man yana bushewa kafin ya ci fentin. Gara a yi aikin da sassafe, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe.

Idan farce ya maƙale, sai samfefar ruwa: lamba 1500, sannan 2000, sannan 3000 (mafi girman lamba ita ce mafi laushi), a naɗe ta a jikin ɗan soso mai tauri, a ja ta a miƙe. Ruwan ya zama kaɗan, domin in ya shiga ramin kusa katako zai kumbura ya tsaga fenti. Wurin zai dushe, man gogewa ne zai dawo da sheƙinsa. Muddin launi ya fito a jikin samfefar, a tsaya nan take: an huda fentin sama mai garai-garai, abin da ya rage sai sabon feshi.

Injin gogewa yana rage wahala, amma shi ne ya fi ɓata jita. Soso mai faɗin santimita 7 ko 8 da gudu kaɗan sun wadatar. Kada a tsaya wuri ɗaya, kada kuma a hau gefuna da kusurwoyi, inda fenti ya fi siranta. Jitar da ba ta lantarki ba fentinta siriri ne ƙwarai, hannu ya fi dacewa da ita.

Man da ke da kakin zuma ko silikon ɓoye ƙarce yake, ba ya gusar da shi, kuma silikon yana hana sabon fenti kamawa nan gaba. Soson ƙarfe ma ba shi da wuri a nan, domin mayen ƙarfe na janye ɓarɓashinsa. Fentin da tun daga kamfani aka yi shi a dushe kuwa ba a goga masa mai ko kaɗan, saboda wurin da aka taɓa zai yi sheƙi ya bambanta da sauran jikin jitar.