Waiwaye: Yadda kujerar uban jami'a ta tashi daga hannun 'yan siyasa ta koma fada

Duk wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ga tsarin shigowar manya. Mai ɗauke da sandan jami'a na gaba, malamai cikin rigunansu na biye, sai can ƙarshe mutum ɗaya da kowa ke miƙewa dominsa. Wannan shi ne uban jami'a. Ba ya da ofishin da yake zuwa kullum a harabar jami'ar ta Yelwa ko ta Gubi, ba ya sa hannu a takardar albashi, ba ya ɗaukar ma'aikaci balle ya kora. Amma a doka shi ne gaba da kowa cikin mutanen jami'ar, kuma idan yana wurin, da bakinsa ake ba da digiri. Tambayar da kan taso duk lokacin da kujerar ta zama babu kowa ita ce: wa ke zaɓo shi, kuma me ya sa a Bauchi sai an ɗauko basarake daga ƙasar Yarabawa?

Kujeru huɗu ne a saman jami'a, kuma mutane na yawan gauraya su. Akwai maziyarci, wato shugaban ƙasa a jami'ar tarayya, gwamna a ta jiha. Akwai uban jami'a. Akwai shugaban majalisar gudanarwa, wadda ke riƙe da kuɗi da dukiya da naɗin manyan jami'ai. Sai shugaban jami'a, farfesan da ke tafiyar da harkokin yau da kullum, wanda doka ta ba wa'adi ɗaya na shekara 5. Na ƙarshen nan ne ake tallata gurbinsa a jarida, a tace masu nema, a yi musu tambayoyi, majalisar gudanarwa ta zaɓi ɗaya. Uban jami'a ba a neman kujerarsa. Naɗi ne daga maziyarci, shi ke nan.

Daga Ingila aka gado tsarin. Can ma a farkon lamari mai wannan muƙami wakilin coci ne da ke da iko na gaske a kan malamai da ɗalibai, sannu a hankali ikon ya koma hannun mai gudanarwa, aka bar masa girma da riga. Sai dai Turawan sun riƙe abu ɗaya da ba a kawo mana ba: a jami'ar Okusfod tsofaffin ɗalibai da ma'aikata ne ke kaɗa ƙuri'a. Haka suka zaɓi William Hague a 2024 ta intanet bayan Chris Patten ya sauka, da wa'adin shekara 10.

A Najeriya, mutumin Bauchi na cikin na farko da suka hau irin wannan kujera. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1962, kuma Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ubanta na farko. A Zariya, Sardauna Ahmadu Bello ne uban jami'ar da ke ɗauke da sunansa. A Nsukka, Azikiwe ne. A Ife, Awolowo ne ya fara. Kusan kowa ya zauna kan jami'ar da gwamnatinsa ko jam'iyyarsa ta gina, kuma a lokacin babu wanda ya ga aibin haka, tunda su ne suka nemo kuɗin, su ne kuma za su iya kare jami'ar a majalisa.

Juyin mulkin Janairun 1966 ne ya nuna inda gizo ke saƙa. A dare ɗaya Ibadan da Zariya suka rasa iyayensu. Kujerar da aka ɗaura wa ɗan siyasa tana faɗuwa tare da gwamnatinsa. Daga nan aka fara duba waɗanda guguwar siyasa ba ta cika kayar da su ba, aka kuma fara musanya tsakanin Kudu da Arewa. Sir Kashim Ibrahim ya gaji Ɓalewa a Ibadan. Oba Akenzua na II na Benin ya zama uban jami'ar Zariya. Sarkin Kano Ado Bayero ya riƙe ta Nsukka. Bayan yaƙin basasa abin ya ƙara ƙarfi, domin a zamanin ne aka kafa hidimar ƙasa a 1973 da irin wannan manufa, sannan a 1975 gwamnatin soja ta karɓe jami'o'in yankuna ta mai da su na tarayya. A shekarar ce Awolowo da kansa ya koma uban jami'ar Zariya. Wanda ya san yadda siyasar Jamhuriya ta Farko ta kasance tsakaninsa da Sardauna zai gane saƙon da ake son isarwa.

Cikin wannan al'ada aka haifi jami'ar Bauchi. An kafa ta a 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, a 1984 aka haɗe ta da ta Zariya ta zama kwaleji a ƙarƙashinta, a 1988 ta dawo da 'yancinta da sunan Ɓalewa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da Ewi na Ado-Ekiti, Oba Rufus Adejugbe, ya zama ubanta, shi kuma Sarkin Bauchi, Dakta Rilwanu Sulaiman Adamu, aka ba shi Jami'ar Abuja. A jerin naɗin da gwamnatin Buhari ta fitar a 2021, lokacin Adamu Adamu na ministan ilimi, jami'o'i 42 aka yi wa naɗi a lokaci guda, kuma salon bai sauya ba: Sarkin Musulmi aka ba jami'ar Ibadan, Shehun Borno ta Legas, Etsu Nupe ta Ife, Obi na Onitsha ta Zariya.

Jami'o'in jihohi ba su ɗaure kansu da wannan musanya ba. Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004 zamanin Gwamna Ɗanjuma Goje, Sarkin Gombe Abubakar Shehu Abubakar na III ne ubanta. Amfanin haka a fili yake. Sarkin gida ya san masu hannu da shuni na garinsa, ya san iyakar filin jami'a da unguwannin da ke kewaye da ita, idan rigima ta tashi tsakanin ɗalibai da mutanen gari kiransa ɗaya ya isa. Matsalar kuwa ita ce gwamna ɗaya ne ke ba da sandan sarauta, shi ne kuma ke ba da kujerar jami'a. Uban da ke ƙarƙashin gwamna ta fuska biyu da wuya ya buɗe baki a ranar biki ya ce gwamnati na riƙe wa jami'a kuɗinta. A jiha mai masarautu da yawa kuma, kamar Gombe da Bauchi, zaɓen sarki ɗaya a bar sauran na iya zama abin gunaguni.

Kujerar ta mutum ce, ba ta gadon sarauta ba. Idan sarki ya rasu, magajinsa ba ya gadonta sai an yi sabon naɗi. Haka nan doka ba ta ce dole sai basarake mai ci ba: a Maris na 2020, kwanaki kaɗan bayan an sauke Muhammadu Sanusi na II a Kano, Gwamna El-Rufai ya naɗa shi uban Jami'ar Jihar Kaduna.

A aikace, a jami'ar tarayya, ma'aikatar ilimi ce ke tsara sunaye, shugaban ƙasa ya amince, a fitar da sanarwa. Jami'a sau da yawa a labarai take jin sunan ubanta. Daga nan tawaga ƙarƙashin shugaban majalisar gudanarwa da shugaban jami'a da magatakarda ta tafi fada, a kai gaisuwa, a yi masa bayanin halin da jami'ar ke ciki, a tsai da rana, a auna riga da hula. Rantsarwar kan zo ne cikin makon bikin yaye ɗalibai. Galibi ana fara ba shi digirin girmamawa domin ya zama ɗan gida, a karanta takardar naɗi, maziyarci ko wakilinsa ya sanya masa riga ya zaunar da shi. Sai a sannan ne zai buɗe taro, shugabannin tsangayoyi su gabatar da ɗalibai, ya furta cewa ya ba su digiri bisa amincewar majalisar malamai.

Inda abin ke cijewa shi ne tsakanin sanarwa da rantsarwa. Ana iya shafe shekara ɗaya ko biyu uban jami'a bai taka harabarta ba, saboda rantsarwar na jiran biki, bikin kuma na jiran kuɗi. Basarake ba ya tafiya shi kaɗai. Masauki da abinci da motoci da tsaro na tawagarsa duk suna wuyan jami'a, ga kuma dole ranar ta dace da ta fadar shugaban ƙasa. Idan yajin aikin malamai ya shigo, kamar na wata 8 a 2022, sai a tara ɗaliban shekara uku ko huɗu a yaye su a zama ɗaya. Rushe majalisun gudanarwa da aka yi a Yunin 2023 bai taɓa iyayen jami'o'i ba, amma ya bar jami'o'in kusan shekara guda babu majalisar da za ta amince da kasafin biki ko sunayen masu karɓar digirin girmamawa. Ɗalibi dai ba ya rasa takardar sakamakonsa saboda wannan, tunda majalisar malamai ce ke tabbatar da shi, kuma idan uban jami'a bai samu zuwa ba, shugaban jami'a na iya jagorantar taron.

Wa'adin ma ba ɗaya ba ne ko'ina. Wasu dokokin jami'o'i sun ce shekara 5, wasu sun bar shi ga ra'ayin maziyarci, shi ya sa za a ga wani ya daɗe ƙwarai a jami'a ɗaya, wani kuma an ɗauke shi an kai wata. Duk wanda ke son sanin ko lokacin sauyi ya yi a jami'ar da ke Gubi, ko Kashere, ko Gaɗau, ko Tudun Wadan Gombe, dokar da ta kafa wannan jami'ar zai buɗe, ya duba jadawalin da ya yi magana a kan manyan jami'anta.