Tambayoyi da Amsoshi Kan Warkar da Raunin Zuciya a Cikin Iyali Ta Hanyar Wasan Kwaikwayo

Wa ya fara wannan hanya?

Likitan ƙwaƙwalwa Jacob Moreno, wanda aka haifa a Romaniya a 1889, shi ne ya fara gwada ta a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a farkon shekarun 1920, kafin ya koma Amurka a 1925, inda ya buɗe asibiti a garin Beacon a 1936. Ya kira ta saikodirama, domin a ganinsa ba da labarin damuwa da baki kawai ba ya wadatarwa, sai mutum ya tashi ya sake taka abin da ya faru.

Yaya zaman yake gudana?

Ana yin zaman ne a rukuni ƙarƙashin ƙwararren jagora. Ana fara share fage har 'yan rukunin su saki jiki, sannan a zaɓi wanda za a duba lamarinsa. A ɗauka mace ce wadda mahaifinta ya rasu ba su sasanta ba. Za ta zaɓi wani ya tsaya a matsayinsa, ta furta masa abin da ta daɗe tana haɗiyewa, wani kuma ya tsaya a bayanta yana faɗin kalmomin da suka maƙale mata, ita ce za ta ce ya yi daidai ko ya kauce. Can sai jagora ya ce su musanya matsayi, ta zauna a kujerar mahaifin ta amsa wa kanta da muryarsa. A ganina, nan ne ƙashin bayan aikin, domin wadda ta shekara da shekaru tana jin zafin shirun mahaifinta tana iya fahimtar tsoron da ke ƙarƙashin shirun, ba tare da ta wanke shi daga laifinsa ba. A ƙarshe ba a ba ta shawara, kowa yana faɗin abin da wasan ya taɓo a rayuwarsa ne.

Dole ne dangin su halarta?

A'a, galibi baƙi ne suke tsayawa a madadinsu.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Wanda aka ci zarafinsa a gida zai iya faɗawa cikin firgici idan aka sa shi sake taka abin da ya same shi, shi ya sa ƙwararre ba ya tilasta masa ya shiga matsayin wanda ya cuce shi, ba ya kuma matsa masa ya yafe. Wajibi ne 'yan rukunin su amince tun farko cewa abin da aka ji a ɗakin ba zai fita waje ba.