Zainab Shinkafi-Bagudu

Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu likitar yara ce ’yar Najeriya, kuma uwargidan tsohon gwamnan Jihar Kebbi, Abubakar Atiku Bagudu. An fi saninta da yaƙi da ciwon daji, musamman sankarar mama da ta bakin mahaifa.

Asali

’Yar gidan siyasa ce gaba da baya. Mahaifinta shi ne Alhaji Umaru Shinkafi, Marafan Sakkwato, mutumin garin Shinkafi da ke Jihar Zamfara ta yau. Marafa ɗan sanda ne kuma lauya, ya shugabanci hukumar tsaron farin kaya ta NSO daga 1979 zuwa 1983, zamanin Shehu Shagari. Ya nemi takarar shugaban ƙasa a jam’iyyar NRC a 1992, kafin Janar Babangida ya soke zaɓen fidda gwani na wancan zagaye. A 1999 shi ne mataimakin Olu Falae a takarar da Obasanjo ya ci. Ya rasu a Landan a watan Yulin 2016.

Ta karanta likitanci a Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Asibiti da gidauniya

Ta buɗe cibiyar ɗaukar hoton marasa lafiya mai suna Medicaid a Abuja, daga nan kuma gidauniyar yaƙi da ciwon daji mai wannan suna ta samo asali, wajen 2009. Duk watan Oktoba gidauniyar kan fito da jama’a tattaki a titunan Abuja don wayar da kai.

Gidan gwamnatin Kebbi

Mijinta ya wakilci Kebbi ta Tsakiya a Majalisar Dattawa daga 2009, sannan ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023. Uwargidan gwamna ba zaɓaɓɓiya ba ce, kundin tsarin mulki ma bai san da ofishinta ba, amma a Birnin Kebbi ta yi amfani da kujerar wajen kai gwajin mama da na mahaifa ga matan karkara. Abin da ta tarar tsohon zance ne a ƙasar Hausa: wai daji ba ya son ƙarfe. Mace kan ji ƙulli a nono ta ɓoye, ta yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ba za a kai ta asibiti ba sai miki ya fashe. Ta kuma shugabanci ƙungiyar matan gwamnoni masu yaƙi da cutar.

Tana cikin waɗanda suka matsa a shigo da rigakafin HPV (ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa), wanda Najeriya ta fara yi wa ’yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023. Allurar ta gamu da jita-jitar hana haihuwa, likitoci sun musanta.

Matakin duniya

A Oktoban 2024 ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya, UICC, mai hedikwata a Janiba, ta zaɓe ta shugaba mai jiran gado. Ita ce ta farko daga Afirka.