Sinadaran Tsirrai da Tsufan Fata

Sinadaran tsirrai abubuwa ne da shuka ke haɗawa a jikinta don kare kanta daga rana, ƙwari da cututtuka. Su ne suke ba tumatir ja, karas ruwan lemo, goro kuma bauri. Idan aka ci su a abinci, wasunsu kan bi jini su isa fata, su rage saurin tsufanta. Ragewa ce kawai, kuma a hankali take zuwa.

Yadda fata ke tsufa

A ƙarƙashin fatar da ido ke gani akwai wani shimfiɗi da zaruruwan kolajin da ilastin suka saƙe. Kolajin ke ba fata ƙarfi, ilastin ke sa ta koma yadda take idan an ja ta. Da zarar mutum ya gama girma, kolajin kan ragu da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara. Wannan aikin shekaru ne. Sauran ɓarnar daga waje take: hasken rana, taba, hayaƙin icce da na ababen hawa. Suna haifar da wasu ƙwayoyin oksijin masu lahani, waɗanda ke ta da sinadaran jiki masu daddatsa kolajin. A dubi hannun ɗan dako a Kasuwar Singa: daga gwiwar hannu zuwa yatsu fata ta yi duhu ta yi kauri, amma damtsen da riga ke rufewa sumul yake, alhali shekarunsu ɗaya.

Melanin, sinadarin launin da ke cikin baƙar fata, yana tare wani ɓangare na hasken, shi ya sa tamoji ke jinkirin fitowa, sai dai dabbare-dabbaren launi ya riga su. Kaushi da fason hunturu kuwa bushewa ce, man kaɗe ya fi abinci saurin maganinsu.

Bitamin C da karotin

Bitamin C ne aikinsa ya fi tabbata, domin jiki ba ya iya saƙa kolajin mai ƙwari sai da shi. Rashinsa ne ya riƙa sa dasashin matuƙan jiragen ruwa zubar jini, miki ya ƙi warkewa, har likitan nan James Lind ya gwada ba su lemu a 1747. Akwai shi a gwaiba, lemu, tattasai, ganyen zogale da garin ƙwallon kuka da ake damawa a nono. Matsalarsa ba ya jure wuta, kuma ruwa na kwashe shi. Zogalen da aka daɗe ana dafawa aka tsiyaye ruwan, mafi yawan bitamin ɗin ya bi ruwa.

Dangin karotin akasin haka suke, mai suke so. Akwai su a karas, kabewa, mangwaro, alayyahu da manja, sannan laikofin a tumatir da kankana. Hanji ya fi tsotsar laikofin idan tumatir ya dahu da mai, wato jar miyar da ta soyu ta fi ɗanyen tumatir bayar da shi. Haka ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a kwaɗon zogale suke taimaka wa karotin ɗin ganyen. A wani gwaji a Jamus da aka wallafa a 2001, mutanen da suka yi mako 10 suna cin giram 40 na markaɗaɗɗen tumatir mai kauri irin na gwangwani da man zaitun kullum, jan da hasken rana ke sa wa fatarsu ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Mutanen kaɗan ne, kuma fararen fata, don haka ba a ɗora sakamakon kai tsaye a kan Bakano.

Zoɓo, shayi da awara

Jan zoɓo, wanda ake loda buhunansa a Kasuwar Dawanau zuwa ƙetare, daga antosayanin yake, ɗaya daga babban dangin sinadaran tsirrai da ake kira folifinol. Koren shayin da ake dafa ataya da shi yana ɗauke da katekin, waken suya da ake awara da shi kuma yana da aisofilabon, mai ɗan kama aikin sinadarin mata na istirojin. A ɗakin gwaji an ga irin waɗannan suna kashe kaifin ƙwayoyin nan masu lahani. A jikin mutum lamarin bai kai haka ba, domin hanji da hanta na sauya yawancinsu kafin su kai fata.

Sai batun sukari, inda ake yin tufka da warwara. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa kolajin, ya sa shi tauri da saurin karyewa. Zoɓon da aka cika wa sukari har ya yi danƙo, abin da ya bayar da dama ya karɓe da hagu.

Ƙwayoyin ƙarin sinadarai da ake haɗiya

Abin da ya yi amfani a miya ba lalle ya yi a ƙwaya ba. Manyan gwaje-gwaje biyu, na Finlan a 1994 da na Amurka a 1996, sun nuna ƙwayoyin beta-karotin masu ƙarfi sun ƙara haɗarin kansar huhu ga masu shan taba. Ba a ga haka daga cin karas ko kabewa ba. Wanda ya yawaita su, iyakarta tafin hannunsa ya yi ɗorawa-ɗorawa, launin kuma kan gushe idan ya rage ci.