Juyawar laimar itace bayan faɗuwar bishiya

Laimar itace dangin laimar kwaɗi ce, sai dai galibi ba ta da kara. Tana fitowa ne manne a jikin bishiya mai ruɓewa, da faɗi da tauri, samanta busasshe, ƙasanta cike da ƙananan ramuka. Jinsin Ganoderma na cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a Afirka. A arewacin Kamaru an fi samun ta a kurmin bakin kogin Binuwai da na Faro, da tudun Adamawa wajen Ngaundere, inda damina ke daɗewa. Can wajen Marwa kuwa, gara da wutar daji da masu neman itacen girki sukan gama da gungume tun da wuri.

Kowane rami bakin wani siririn bututu ne, kuma a bangon cikinsa ake samar da ƙwayoyin iri. A wani nau'inta mai suna Ganoderma applanatum ana samun ramuka 4 zuwa 6 a milimita guda. Ƙwayar iri takan yi tsalle daga bango na kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai, daga nan nauyinta ne zai sauko da ita har iska ta ɗauke ta. Kamar jefa tsakuwa ne a ƙuntatacciyar rijiya: in ramin ya karkace ko kaɗan, bango za ta buga. Ƙwayar da ta taɓa bango ta manne ke nan. Masani A. H. R. Buller na Jami'ar Manitoba a Kanada ya yi zurfin nazarin wannan tun farkon ƙarni na 20. Saboda haka dole bututun ya miƙe sak yana kallon ƙasa.

Matsala tana tasowa ne ranar da iskar farkon damina ta ka da bishiyar. Laimar da ke kwance ta koma tsaye, bututunta suka koma kwance, iri ya rasa hanyar fita. Laimar kwaɗi mai kara takan lanƙwasa karanta cikin sa'o'i ta gyara zama. Ta itace ta yi tauri, ba ta lanƙwasuwa. Sai ta toshe tsofaffin ramukan da sababbin zaruruwa, sannan sabuwar laima ta tsiro daga jikin tsohuwar, a gicciye da ita, ramukanta na kallon ƙasa. Aikin yana cin makonni ko watanni, kuma sai da danshi.

Abin ban sha'awa shi ne tarihin da wannan ke ajiyewa. Jinsunan da ke shekaru suna ƙara sabon hawa na bututu a kowane lokacin girma. In aka tsaga sabuwar laimar aka ƙirga hawan, ana iya kintatar yawan daminar da gungumen ya yi a kwance. In ambaliya ta sake mirgina shi, za a ga juyi na biyu.

To, yaya laimar ke gane inda ƙasa take? Tsirrai suna gane ƙasa da ƙwayoyin sitaci masu nauyi da ke nutsewa cikin ƙwayar halittarsu. Dangin laima ba su da sitaci irin wannan. Bincike kan wata laima mai kara, Flammulina velutipes, ya nuna cewa cibiyar ƙwayar halitta, wadda ke ɗaure da siraran zare, tana da hannu wajen jin nauyi. A 1993 an shuka wannan jinsi a kumbon Columbia, inda babu nauyi, karansa ya tsiro ta ko'ina ba alƙibla.