Wa Ke Da Kujera A Teburin Neman Kuɗin Yaƙi Da Ƙanjamau?

Wanda ke karɓar maganin ƙanjamau kyauta a asibitin gwamnati a Kano, ko maganin sida a Maraɗi kamar yadda ake cewa a can, da wuya ya san hanyar da kuɗin suka biyo kafin ƙwayar ta iso tafin hannunsa. Kaso mai tsoka yana fitowa ne daga Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau, Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda aka kafa a 2002, mazauninsa birnin Janeba na ƙasar Suwizalan. Asusun ba shi da ofis a ƙasashen da yake tallafa wa. Kuma ba ya karɓar takardar neman kuɗi kai tsaye daga hannun minista.

Ƙa'idar ita ce, duk ƙasar da ke son kuɗin sai ta kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda ake kira CCM a taƙaice. A cikinsa ne jami'an gwamnati, da wakilan masu ba da tallafi, da ƙungiyoyin da ke aiki a unguwanni da ƙauyuka, da malaman addini, da 'yan kasuwa suke zama teburi ɗaya. Su ke rubuta abin da ƙasa ke buƙata na shekara uku, su zaɓi hukuma ko ƙungiyar da za a damƙa wa kuɗin, sannan su sa mata ido. Daga nan takardar ta tafi gaban wasu ƙwararru masu zaman kansu, su tace ta kafin hukumar Asusun ta amince.

Sharuɗɗa shida ne kwamitin zai cika. Wasu na tsari ne kawai: a rubuta buƙata a fili, a zaɓi mai riƙe kuɗi a fili, a tanadi shirin sa ido. Na huɗu da na biyar su ne suka fi jan hankalina. Dole ne a cikin kwamitin a samu mutanen da ke ɗauke da ƙwayar cutar da kansu, da waɗanda tarin fuka ko zazzaɓi ya shafa, da wakilan rukunonin da cutar ta fi yi wa barazana. Kuma ba gwamnati ce za ta naɗa su ba. Mutanensu ne za su zaɓe su, a rubuta yadda aka yi zaɓen. Ana kuma son ɓangaren da ba na gwamnati ba ya riƙe aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujeru.

Dalilin a bayyane yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babban sakatare a Abuja zai iya kawo alƙaluman kwalayen magani da aka sauke a tashar jirgin ruwa, amma matar da ta biya kuɗin mota zuwa asibiti aka ce mata magani ya yanke, ita ce ta san inda kwalayen suka maƙale.

Sharaɗi na shida ya shafi son kai. Mamban da ƙungiyarsa ke neman kuɗin ba zai zauna ya yanke hukunci a kan takardarta ba, sai ya bayyana alaƙarsa ya janye. Ba a ba kura ajiyar nama, kuma Asusun ya ga abin da idonsa: a 2005 ya dakatar da tallafinsa ga Uganda saboda yadda aka sarrafa kuɗin.

Kuɗin ba na wasa ba ne. A zagayen tara gudummawa da aka buɗe da taron New York a 2022 an yi alƙawarin dala biliyan 15.7, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi samun rabo.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ke zaune a kujerar. Takardun da Turanci ko Faransanci ake rubuta su, shafuka jingim, ga zaman a babban birni. Wakilin da ba a fassara masa ba, ba a ba shi kuɗin komawa ya ji ta bakin mutanensa ba, sa hannu kawai zai yi ya tashi. Ƙungiyar masu ɗauke da cutar a kowace jiha tana da damar tambayar wa ke wakiltarta, yaushe aka zaɓe shi, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare.